Ranar da Gwaggo Ta Murza Min Kwaɓi

Ku gyara zama, 'yan'uwa, yau ba da hawaye na zo muku ba. Masu cewa in haƙura da sana'ar in riƙe mutumin, da masu cewa in riƙe sana'ar in sallami mutumin, duk na ga saƙonninku, na kuma gode, amma ku yi haƙuri, babu shawarar wanda na ɗauka. Wata ma ta rubuto min wai ita da za ta samu mai gyaran firji, ko cokali ba za ta sake wankewa ba. Baiwar Allah, Allah ya kawo miki naki.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, bari in taƙaita muku. Ni ce ƙaramar gidanmu, kowa Auta yake kirana har maƙwabta. Shekara biyu ke nan da gama karatuna, takardar shaidar tana ƙasan akwatin Mama tana sharar barci, ni kuma ina kicin ina gasa fai. Ɗan'uwan mit-fai ɗin da kuka sani ne, wanda ake riƙewa a hannu ɗaya, sai dai nawa babu nama a ciki. Iri biyu nake yi. Akwai mai zaƙi, da tuffa ko abarba da kirfa da ɗan cuku mai laushi. Akwai mai gishiri, da cuku da albasar da na soya a hankali har ta yi ja, da siraran yankan tuffa mai tsami. Ranar da na fara haɗa cuku da tuffa, Mama cewa ta yi a duba yarinyar nan ko lafiyarta ƙalau. Yanzu ita ke fara miƙo hannu.

Mutumin kuwa, Mai Sanyi na sa masa a wayata. Firjinmu ne ya mutu wata rana ana tsananin zafi, bota ta narke min, ya zo gyara ya same ni tsugune gaban kwano ina share ido. Cikin rabin awa ya tayar da firjin. Bayan nan ya dawo sau huɗu, wai duba ko yana aiki, har Mama ta gaji ta ce masa, "Ɗan nan, firjin lafiyarsa lau, in da wata magana ka faɗe ta." Haka maganar ta fito.

Matsalar ɗaya ce, Hajiya mahaifiyarsa. Tsohuwar shugabar makaranta ce, irin matan nan da in suka kalle ka sai ka duba ko maɓallin rigarka ya ɓalle. Ta ce ba ta da ja a kaina, amma obin ɗina da nake gashi a ciki ba zai bi ni gidan ɗanta ba. Matar ɗanta ba za ta yi gashin sayarwa ba, magana ta ƙare. Dalili kuwa ba ta faɗa ba, shi kansa ya tambaya har ya gaji. Sai ta aiko cewa ranar Asabar da ƙarfe huɗu za ta zo ta ji amsa daga bakina.

Tun ranar Laraba Gwaggo, yayar Babanmu, ta sauka a gidanmu da jakarta, wai ta zo taya mu shiri. Ni dai na san kaina ta zo zama.

"Ki ce to kawai," in ji ta, tana tsintar shinkafa a faranti. "In kin shiga gidan wa zai hana ki? Uwar miji lallaɓa ta ake yi."

"Gwaggo, in fara da ƙarya ke nan?"

"Wace irin ƙarya? Dabara dai. Mu da muka ce to, kin ga mun mutu?"

Mama ba ta da yawan magana, amma kallonta ya fi na Gwaggo nauyi. Tana son yaron nan kamar ita ta haife shi, kuma ta san irin taurin kaina. Sau biyu na kama ta tsaye gaban obin ɗin tana kallonsa kamar shi ya ɓata mata 'ya.

Ranar Asabar da safe saƙon Mai Sanyi ya shigo.

"Kin tashi lafiya? Hajiya tun ɗazu take goge mayafi."

"Ni tun ɗazu nake yanka bota."

"Auta. Gashi za ki yi mata?"

"Gara ta ga abin da take ƙi da idonta."

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake rubutawa, ya sake gogewa. Can sai ga shi: "Kin san ba zan iya ja da Hajiya ba. Ba kuma zan iya ce miki ki bari ba."

"To addu'a za ka yi."

"Tun jiya nake yi. Ki ajiye min biyu masu gishiri, ko me ya faru."

Na kifa wayar a kan firji. Wannan "ko me ya faru" ɗin ne ya dame ni, don na san abin da yake nufi, shi ma ya sani.

Yanzu ku saurara da kyau, don duk rigimar yau a kan kwaɓi take. Kwaɓin fai ba ya son hannu, ba ya son zafi. Fulawa ce da ɗan gishiri, sai bota mai sanyi ƙarara a yanka ƙanana, a ɗan marmasa da kan yatsu, a bar ta gudaji-gudaji kamar wake. Ruwan ƙanƙara ake zubawa cokali-cokali, da zarar ya haɗe jiki sai a cire hannu, a naɗe a leda, a kai firji ya huta. In ka kalle shi a lokacin, mummuna ne, kamar aikin raguwa. Amma gudajin nan su ne sirrin. In sun shiga wuta suka narke, sai su bar ɓawon ya tashi falle-falle, kana cizawa yana zuba maka a riga. Shekara guda na yi ina ɓata fulawar Mama kafin na gane haka.

Kafin sha biyu na gama komai. Kwaɓi yana firji, tuffa da abarba na dafa su sama-sama sun huce, albasa ta yi ja, cuku a goge cikin roba. Sai Mama ta kore ni wurin tela karɓo rigar da ta zaɓa min, doguwa ruwan toka mai aikin zare a wuya, wai ita ce kalar 'yan mutunci. Telan nan ko zif bai sa ba. Na zauna kan benci ina kallon agogo yana ba ni labarin ciwon bayansa, ban samu kaina ba sai biyu da kwata.

Tun daga ƙofar kicin gabana ya faɗi. Gwaggo ce zaune kan 'yar kujera, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, zufa tana bin wuyanta, fuskarta fal farin ciki irin na wanda ya ceci rai. A bakin taga, daidai inda rana ke duka, ga babban kwanona an rufe da tawul.

"Kin dawo? Ki gode wa Allah da ya sa na buɗe firjin nan neman ruwa," ta ce. "Kwaɓin da kika yi duk gudaji ne, Auta. Botar ko narkewa ba ta yi ba, ga ta nan ɓaro-ɓaro. Da matar nan ta gani, cewa za ta yi ba a koya miki komai ba a gidanku. Na murza miki shi sosai, na ƙara ruwan ɗumi, na sa shi a rana ya tashi."

"Ya tashi," na maimaita.

"Ai haka ake yi wa burodi. Na rufa miki asiri."

Na ɗaga tawul ɗin. Kwaɓina ya yi sumul yana ƙyallin mai, na ja shi ya biyo ni kamar cingam. Wallahi ihu na so yi. Amma yayar Baba ce, kuma ga gajiya ƙarara a jikinta. Matar nan da ke kukan ciwon kafaɗa kullum, ta zauna ta yi rabin awa tana murza don kada a yi min gori. Wannan ya fi ɓarnar ci min rai, don ko fushin ma ban samu inda zan ajiye shi ba.

"Sannu da aiki, Gwaggo," na ce. "Sai dai wannan ba ya son murza. Gudajin nan su ne aikin."

"Su ne aikin? To ni ban taɓa jin inda lalaci ya zama gwaninta ba."

Mama ta leƙo, ta kalli kwanon, ta kalle ni, na ga har wani sauƙi ya sauka a fuskarta. "To ai Allah ne ya raba ki da fitina. Je ki yi wanka, a ba ta lemo da biskit kamar kowa."

"Mama, ki ba ni awa ɗaya."

"Auta."

"Awa ɗaya, don Allah."

Ta juya ta fita abinta, ni kuma na ɗauka izini ne. Fulawa akwai. Bota ce matsala, saura ƙulli ɗaya tak a can ƙarshen firiza, ta daskare kamar dutse, wuƙa ko shiga ba ta yi. Na tsaya da ita a hannu ina zare ido, sai idona ya faɗa kan abin goga karas. Na goge botar nan kaf a cikin fulawa, ta zuba siri-siri da sanyinta, na juya da cokali mai yatsu, na yayyafa ruwan ƙanƙara, na tattara, na jefa firiza. Gwaggo tana gefe tana girgiza kai. "Ga shi nan ta sake yin gudajin," take faɗa wa bango.

Wani abu da ban taɓa gaya muku ba, Allah ya yi ni da hannu mai zafi. In raina ya ɓaci kuwa sai ya koma kamar dutsen guga. Don haka na ajiye kwanon ruwan ƙanƙara kusa, ina tsoma hannu ina gogewa. Uku da minti goma na fito da kwaɓin, na barbaɗa fulawa a kan tebur, na fara murza shi da katako ya yi faɗi. Na kunna obin. A lissafina, kafin huɗu na gasa, na watsa ruwa, na zura rigar 'yan mutunci, na fito kamar ban taɓa ganin fulawa ba.

Uku da kwata aka yi sallama.

Daga baya Mai Sanyi ya gaya min halinta ne tun tana aiki, ba ta taɓa shiga aji a lokacin da ake jiranta ba. Ni kuwa ga ni cikin tsohuwar riga mai tabon bota, ɗankwali ya zame baya, fulawa har gira. Sabuwar rigar tana rataye a ƙofa cikin ledarta.

Ina jiyo Mama a falo tana jan gaisuwa kamar ba za ta ƙare ba. Ya gida, ya ƙafa, ya zafin nan. "Tana shiryawa ne, Hajiya, yanzu za ta fito." Daidai nan gwiwar hannuna ta ture tiren gashi, ya faɗi ƙasa da ƙarar da ko maƙwabta sun ji.

Sai na ji wata murya a natse ta ce, "Da tire take shiryawa?"

Kafin in ɗauke tiren, ga ta a ƙofar kicin. Gajeruwa ce, ba kamar yadda na zana ta a raina ba, da tabarau mai igiya, farin mayafi ƙal, jaka a hammata. Mama da Gwaggo suna bayanta kamar ɗaliban da aka kama. Na zube ƙasa na gaishe ta, hannu duk gari, ina jin kamar in nutse.

"Tashi," ta ce. "Kwaɓinki zai saki."

Na ɗago na kalle ta, don ban yi zaton wannan maganar daga bakinta ba. Ta nuna tebur da haɓa. Na miƙe na koma aiki, tana tsaye a kaina. Na yanka da bakin kwano, na zuba haɗin abarba, na shafa ƙwai a gefe, na ninke, na danne bakin da cokali mai yatsu. Na farko ya yi. Na biyu ya manne min a yatsa. Na uku ya yage a tsakiya, na yi sauri na liƙe shi da guntun kwaɓi.

"Hannunki ya yi zafi."

"Haka yake, Hajiya."

"Kuma kina cika masa ciki. Rage rabin cokali. Matsa."

Ta zare mayafin ta miƙa wa Mama ba tare da ta waiwaya ba. Ta cire zobba biyu ta ajiye a ɗan faranti, ta wanke hannu, ta goge. Da ta karɓi fai ɗin daga hannuna yatsunmu suka haɗu, na ji nata sanyi ƙalau kamar daga firji ta ciro su. Ta ture cokalina gefe. Da babban yatsa da manuni ta kama bakin kwaɓin, tana lanƙwasawa tana dannewa, tana lanƙwasawa tana dannewa, kafin in ƙifta ido ya fito da wani naɗi kamar igiya, daidai wa daida tun daga wannan kusurwa har waccan. Ni da nake kallon masu yi a waya shekara biyu, ban taɓa iya shi ba.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Hajiya, ashe ke ma 'yar hannu ce?"

"Ku je ku zauna," ta ce. "Kicin ɗin ya yi mana kaɗan."

Suka fita sumui-sumui, har Gwaggo. Muka ci gaba, ni ina yankawa ina zubawa, ita tana naɗewa. Masu zaƙi na tsaga musu baya sau uku na barbaɗa sukari, masu gishiri tsaga ɗaya da ɗan baƙin barkono, kowanne na shafe shi da ruwan ƙwai.

"Me kika yi wa tuffar kada ta yi ruwa?"

"Na ɗan dafa ta da garin sitaci, na bar ta ta huce."

"Hm."

Ban san ko wannan "hm" ɗin cin jarabawa ba ne ko faɗuwa. Na zura tire biyu a obin na rufe. Ta ja 'yar kujerar Gwaggo ta zauna, ta nuna min bokitin fulawa, na zauna a kai. Minti ashirin da biyar ne, kuma babu inda zan gudu.

"Kin san abin da ya kawo ni."

"Na sani, Hajiya."

"To ina jin ki."

Kalmar Gwaggo tana kan harshena, harafi biyu kacal, da na faɗe ta da an wuce wurin. Na kalli gilashin obin, na ga bakin fai ɗin ya fara ɗagawa. Na sunkuyar da kai.

"Hajiya, ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Amma in na ce miki zan bari, ƙarya na yi miki. Ba na son ranar farko da na zauna gabanki in fara da ƙarya."

Ta gyara tabarau, ta zuba wa obin ido. A raina na ce shi ke nan, Auta, kin kashe maganar da bakinki. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba. Ƙamshin bota da kirfa ya cika kicin ɗin.

Da lokaci ya cika na buɗe. 'Yan'uwa, ban taɓa gasa irinsu ba. Sun kumbura, sun yi ruwan zuma, ɓawon ya rabu falle-falle har kana iya ƙirgawa, naɗin Hajiya ya zauna a bakinsu cas. Botar da na goge a daskare ta fi wadda nake yankawa aiki nesa ba kusa ba. Ɗaya ne kawai ya ba ni kunya, wanda na liƙe ɗin nan. Ya fashe ta gefe, ruwan abarba ya zubo ya ƙone baƙi. Na ɗauke shi na ajiye a faranti can gefe, yadda na saba, ban ma yi tunani ba.

"Wannan fa?"

"Ya fashe, Hajiya."

"Na gani. Wa zai ci?"

"Ni."

"Kullum ke?"

"Ni na yi kuskuren. Mama ba na ba ta fasasshe, balle Baba."

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. "In aka ce ki yi ashirin, ashirin ɗin suka fito lafiya, na gida fa?"

"Ba na kwaɓa ashirin, Hajiya, ashirin da shida nake kwaɓawa. Na gida nake fara cirewa, daga tsakiyar tire, nan wuta ta fi daidai. Sauran na masu saye."

Ta daɗe tana kallon fasasshen nan. Da ta buɗe baki, muryar shugabar makaranta ta tafi, wata ce daban.

"Mahaifiyarmu irin wannan take yi, mai nama, tana kai wa shaguna. Mu bakwai ne, ni ce babba. Tun ina shekara tara nake naɗe mata baki kafin in tafi makaranta. Cikin ƙamshin nan muka tashi, amma ba mu taɓa cin mai kyau ba. Ƙonanne da fasasshe, shi ne namu, har mahaifinmu. Ba na ganin laifinta, da shi ta yi mana karatu. Amma na yi wa kaina alkawari, ɗana ba zai zauna gidan da ake ba shi ragowar tire ba, jikokina ba za su tashi suna kallon mai kyau yana fita ƙofa ba."

Idona ya ciko. Wata uku ina kwana ina tashi da haushin matar nan, ina cewa girman kai ne, raina sana'a ne. Sai na sa tsumma na ɗauko tiren gaba ɗaya, na durƙusa, na riƙe shi a gabanta.

"Hajiya, zaɓi."

Ta kalle ni, ta kalli tiren. Hannunta ya tafi kai tsaye gefe, wurin wani da ya ɗan yi duhu a kusurwa. Na juya tiren a hankali har tsakiyar ta dawo ƙarƙashin yatsunta. Hannun ya tsaya a sama jim kaɗan. Sannan ta ɗauki na tsakiya, mai gishiri, wanda ya fi kowanne tashi.

Ta hura, ta ciza. Ɓawon ya fashe ya zubo mata a cinya, cukun ya biyo bakinta yana ja. Ta tauna a hankali, ta cire tabarau ta goge da gefen ɗankwali, ta ce tururi ne. Ban musa ba. Ta cinye shi tas, ta tsince ɓarɓashin da ke rigarta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗauki mai tuffa, shi ma daga tsakiya, wannan karon ba sai na juya mata ba.

"Gishirin cukun ya isa," ta ce tana mayar da zobbanta. "Ki daina ƙara wa albasar."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta koma falo ta sha shayi, suka yi hirar ciwon gwiwa da Mama, ƙarfe biyar ta yafa mayafinta ta tafi da guda huɗu a naɗe cikin takarda. Rigar 'yan mutunci ko ledarta ban ɓare ba.

Tana fita Mama ta riƙo ni. "Me ta ce?"

"Ta ce in rage gishiri."

"A kan maganar nake tambayarki."

"Na gaya mata ba zan bari ba."

Mama ta zauna a hannun kujera ta dafe kai. Gwaggo kuwa ta dage sai an gasa nata kwaɓin, wai ba a zubar da abinci a gabanta. Na gasa mata. Ya fito kamar tafin takalmi, ta jiƙa a shayi tana gwagwiya don kada ta ba da kai, da ta ga ba ma kallo sai ta jawo nawa. Tana kan na uku ta ce, "Ni dai abin da na sani, da ban murza kwaɓin nan ba, da kin gama da wuri kin sa riga, da matar nan ba ta shiga kicin ba. Ko me ya biyo baya, a tuna da ni."

Ina wanke tire wayata ta yi ƙara a kan firji. Na goge hannu a riga, na ɗauka ina bismilla.

"Me kika ba Hajiya?"

"Me ta ce?"

"Ta shigo ta ba ni biyu, ta shige ɗaki da biyu ta rufe ƙofa. Yanzu ta fito ta ce gobe in zo da abin awo, in auna faɗin obin ɗinki da ƙofar kicin ɗin gidan da na kama. In bai shiga ba a fasa ƙofar."

Na karanta sau uku. Na miƙa wa Mama wayar, ta karanta, ta rungume ni da fulawar da komai, tana hamdala tana dukan bayana. Gwaggo tana cewa a karanta mata, a karanta mata. Ni dariya nake, hawaye yana zuba, daɗi kamar ya kashe ni. Obin ɗina zai bi ni, kuma ban ce to ɗin ƙarya ba.

Wayar ta sake ƙara a hannun Mama.

"Ta ce kuma in tambaye ki wace rana kike kwaɓi. Wai naɗin cokalin nan naki ba ta yarda da shi ba, za ta riƙa zuwa tana naɗe miki."

Na karɓa na rubuta, "Ka gaya mata kullum nake yi."

Minti ɗaya bai cika ba amsa ta dawo.

"Ta ce to, kullum ɗin."